Koyon Sana'ar Lantarki ga Ɗaliban Sakandare a Ƙananan Hukumomin Kudan, Makarfi da Ikara

Gabatarwa

Wannan bayani an shirya shi ne domin iyaye da ɗalibai da shugabannin makarantu da masu riƙe da sarautun gargajiya da jami'an ƙananan hukumomi. Manufarsa ita ce fayyace hanyoyin da yaro ko yarinya da ke karatun sakandare zai bi ya zama ƙwararren ma'aikacin lantarki, da abin da ake koya masa, da takardun shaidar da hukuma ta amince da su, da kuma haɗurran da ke tattare da yin wannan aiki ba tare da sani ba.

Ma'aikacin lantarki, wanda jama'a suka fi kira mai gyaran wuta ko mai wayarin, shi ne wanda yake tsara wayoyi a cikin gini, ya ɗaura makunnai da soket da fitilu, ya haɗa injuna da wuta, ya binciko matsala idan ta faru, ya kuma gyara ta. Sana'ar tana da rassa da dama. Akwai wayarin na gidaje, akwai na masana'antu, akwai naɗin koyil na injuna, akwai aikin layi a kan turaku, sannan akwai haɗa na'urorin hasken rana, wato sola.

Buƙatar Sana'ar a Wannan Yanki

Ƙananan hukumomin nan uku suna cikin Masarautar Zazzau, a arewacin Jihar Kaduna. Ikara ce uwa, daga cikinta aka fitar da Makarfi, sannan a shekarar 1996 aka fitar da Kudan, wadda hedikwatarta ke Hunkuyi. Noma shi ne ginshiƙin arzikin yankin. An san Makarfi da Kudan da noman rake da yin mazarƙwaila, an san Kudan da noman inabi, Hunkuyi da kewayenta da noman rani na tumatir da albasa da tattasai, Ikara kuma da masara da tumatir da barkono.

Duk waɗannan ayyuka a yau suna da alaƙa da lantarki ta wata fuska. Manomin rani yana buƙatar injin ban ruwa, kuma famfunan da ke aiki da hasken rana suna ƙara yaɗuwa tun bayan da farashin fetur ya tashi sakamakon cire tallafi a 2023. Rijiyar burtsatse ta unguwa tana da famfo a cikinta wanda wuta ke juya shi. Mai injin niƙa da mai walda da mai cajin waya da mai sayar da ruwan sanyi, kowannensu sana'arsa takan tsaya ranar da wayarinsa ya lalace. Asibitin sha-ka-tafi yana buƙatar firji mai aiki dare da rana domin ajiye alluran rigakafi. Idan babu ƙwararre a kusa, sai an ɗauko shi daga Zariya ko Kano, a biya kuɗin motarsa da na aikinsa, ko kuma a ɗauki injin a kai can a jira kwanaki, alhali amfanin gona yana bushewa. Yaron da ya koyi wannan aiki ya zauna a Likoro ko Gubuchi ko Paki, ya samar wa kansa abin yi, ya kuma rage wa garinsu wannan asara.

Taƙaitaccen Tarihi

Koyar da sana'o'in fasaha a makaranta ba sabon abu ba ne a wannan jiha. A 1956 aka buɗe makarantar fasaha ta Kaduna, wadda daga baya a 1968 ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. A 1977 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, wato NBTE, kuma hedikwatarta tana garin Kaduna. Ita ce ke tsara manhajar kwalejojin fasaha da tantance su.

A 1982 aka fara aiki da tsarin ilimi na 6-3-3-4, wanda ya shigo da darasin share fagen fasaha a ƙananan sakandare. An sayo kayan aiki masu yawa daga ƙasashen Gabashin Turai, amma a makarantu da dama, musamman na karkara, kayan sun lalace a cikin akwatuna saboda rashin wuta da rashin malaman da suka san aiki da su. Wannan darasi ne da ya kamata a riƙa tunawa: kayan aiki kaɗai ba sa koyar da sana'a.

A 1992 aka kafa Hukumar Shirya Jarrabawar Kasuwanci da Fasaha ta Ƙasa, wato NABTEB, mai hedikwata a birnin Benin, wadda ta karɓi shirya jarrabawar sana'o'i. A 2011 aka shigo da darussan sana'a guda 34 cikin manhajar babbar sakandare, ciki har da haɗa wutar lantarki da gyaranta, aka kuma fara rubuta jarrabawarsu a 2014. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta sake fasalin manhajar, ta taƙaita darussan sana'a na makarantun gama-gari zuwa shida, ɗaya daga cikinsu kuwa shi ne haɗa sola da kula da ita. Cikakken horo a kan wayarin da injuna yana nan a kwalejojin fasaha.

Hanyoyin Shiga Sana'ar

Hanya ta farko ita ce kwalejin fasaha. Ɗalibin da ya kammala aji uku na ƙaramar sakandare yana iya rubuta jarrabawar shiga wadda NABTEB ke shiryawa. Karatun na shekara uku ne, kuma ana haɗa aji da ɗakin koyon aiki. Gwamnatin Jihar Kaduna tana da kwalejojin fasaha a Malali da Soba da Kajuru da Fadan Chawai, akwai kuma ta Gwamnatin Tarayya a Kafanchan. Ta Soba ce ta fi kusa da mutanen wannan yanki.

Hanya ta biyu ita ce ɗalibi ya ci gaba da babbar sakandare ta gama-gari, ya zaɓi darussan kimiyya, ya riƙe lissafi da fiziks da kyau, ya ɗauki darasin sana'a da ya shafi lantarki idan makarantarsu tana koyar da shi, sannan ya riƙa zuwa shagon wani ƙwararre da yamma da ranakun hutu. Wannan ita ce hanyar da ta fi sauƙi ga mafi yawan yaran karkara, domin yaro yana gaban iyayensa, yana kuma taimakawa a gona.

Hanya ta uku ita ce cibiyoyin koyon sana'a bayan kammala sakandare. A watan Yuni na 2025 aka ƙaddamar da Cibiyar Koyar da Sana'o'i da Bunƙasa Ƙwarewa ta Jihar Kaduna, mai rassa uku a Rigachikun da Soba da Samarun Kataf, kuma aikin lantarki da sola suna cikin abin da ake koyarwa. Haka nan Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, wato NDE, da Asusun Horar da Ma'aikata, wato ITF, sukan shirya horo na gajeren lokaci.

Hanya ta huɗu ita ce ta gargajiya, wato uba ya kai ɗansa wurin ubangida ya zama yaron shago har ranar da za a yaye shi. Wannan hanya ta fitar da masu sana'a da yawa, kuma kasuwar Panteka da ke Kaduna shaida ce a kan haka. Rauninta shi ne yaro yakan iya aikin hannu ba tare da sanin dalilinsa ba, kuma yakan gaji kurakuran ubangidansa tare da ƙwarewarsa. Saboda haka ake ba da shawarar kada a cire yaro daga makaranta domin a kai shi shago. A haɗa masa biyun.

'Ya'ya mata ma suna da gurbi a wannan sana'a. Naɗin koyil, haɗa fitilun sola, gyaran ƙananan na'urori da zanen tsarin wayarin ayyuka ne da ake yi a zaune a cikin shago ko a gida. Bugu da ƙari, a gidajen da namiji baƙo ba ya shiga sai da izinin maigida, mace mai gyaran wuta tana da kasuwar da babu mai tsere da ita.

Abin da Ake Koya wa Ɗalibi

Ana farawa ne da tushen ilimin lantarki. Ɗalibi zai san abubuwa uku da dangantakarsu: ƙarfin turin wuta da ake aunawa da bolt, yawan wutar da ke gudana da ake aunawa da amfiya, da kuma turjiyar waya da ake aunawa da om. Idan aka ninka bolt da amfiya, sai a sami wat, wato yawan wutar da na'ura ke ci. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce a layi ɗaya, kimanin 400 kuma tsakanin layuka a tsarin layi uku da manyan injuna ke amfani da shi. Misali, dutsen guga mai cin wat 1,000 yana jan amfiya huɗu da 'yan kai. Da irin wannan lissafi ne ake sanin kaurin wayar da ta dace da kowane aiki.

A bisa al'ada, ana amfani da waya mai kaurin milimita murabba'i 1.5 domin fitilu, 2.5 domin soket, sannan 4 ko 6 domin abubuwa masu cin wuta sosai kamar murhun lantarki da na'urar dafa ruwan wanka. Idan aka sa siririyar waya a inda ake buƙatar mai kauri, za ta riƙa ɗaukar zafi a cikin bango ko rufi har robarta ta narke. Daga nan gobara ke tashi, sau da yawa cikin dare lokacin da aka dawo da wuta mutane suna barci.

Ɗalibi zai kuma koyi launin wayoyi. A tsohon tsari ja ce mai ɗauke da wuta, baƙa ce mai mayar da ita, koriya kuma ita ce wayar ƙasa. A sabon tsari ruwan ƙasa ce mai wuta, shuɗiya ce mai mayarwa, koriya mai ratsin rawaya kuma ita ce wayar ƙasa. Ana samun tsarin biyu a gidajenmu, don haka wajibi ne ya san kowanne, kuma kada ya dogara da launi kawai sai ya gwada.

Wayar ƙasa tana buƙatar ƙarin bayani, domin ita ce aka fi yin sakaci da ita a karkara. Aikinta shi ne idan wuta ta zube a jikin ƙarfen firji ko injin, ta ba ta hanya mai sauƙi zuwa cikin ƙasa ta sandar da aka binne, har fis ya yanke ko na'urar kariya ta katse layin. Idan babu ita, jikin mutumin da ya taɓa firjin shi ne zai zama hanyar. Masu gini da yawa sukan ce a bar ta domin rage kuɗi, tunda fitila tana kamawa ko babu ita. Ƙwararre ba ya yarda da wannan ciniki.

Sauran darussan sun haɗa da karanta zanen gini da zana tsarin wayarin, shimfiɗa waya a saman bango da cikin bututu, haɗa allon rarraba wuta, haɗin manyan wayoyi, cajin batir da kula da shi, naɗin koyil, da haɗa makunnin sauya layi tsakanin janareta da wutar kamfani. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ƙwarai. Janaretan da aka haɗa da gida ba tare da shi ba yana iya mayar da wuta kan layin waje, ya kashe ma'aikacin da ke kan falwaya yana zaton babu wuta.

A fannin sola, ana koya wa ɗalibi ya fara da lissafin buƙatar gida kafin ya sayi komai. Idan gida yana da ƙwan fitila shida masu wat 10 da ake kunnawa awa biyar, da fanka biyu masu wat 60 na awa shida, da talabijin mai wat 80 na awa huɗu, jimillar buƙatarsa a rana ita ce 300 da 720 da 320, wato awar wat 1,340. A kan wannan adadi, tare da ƙarin abin da ke salwanta a hanya, ake zaɓar girman faifan sola da batir da inbata. Wanda bai iya wannan lissafi ba shi ne ke haɗa wa mutane solar da batirinta ke mutuwa cikin 'yan watanni.

Kayan aikin farko da ɗalibi ke buƙata ba su da yawa: filaya, sukudireba mai hannun roba, testa, mitar gwaji, guduma, kurfi, zarton ƙarfe, tef na awo, salatif na lantarki, da takalmi mai tafin roba. Ana iya tara su ɗaya bayan ɗaya.

Takardun Shaida

Wanda ya kammala kwalejin fasaha ya ci jarrabawar NABTEB yana samun Takardar Shaidar Fasaha ta Ƙasa, wato NTC. Darajarta daidai take da ta kammala babbar sakandare, kuma ana karɓar ta wajen neman shiga manyan makarantu ta hanyar JAMB idan darussan da ake buƙata sun cika. Wannan ya kamata ya kawar da tsoron da wasu iyaye ke yi cewa kwalejin fasaha tana rufe wa yaro ƙofar ci gaba da karatu. Bayan samun gogewar aiki, akwai babbar takardar da ake kira ANTC.

Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana shirya gwajin sana'a mai daraja uku. Ana farawa daga daraja ta uku, a hau ta biyu, a ƙare a ta ɗaya. Wannan ya dace da wanda ya koyi aiki a shago. Har ila yau, akwai tsarin tantance ƙwarewa na ƙasa, wato NSQ, ƙarƙashin kulawar NBTE, wanda ke duba abin da mutum ya iya yi da hannunsa, ya ba shi shaida mataki-mataki ko da bai zauna a aji ba.

Mai son zurfafa karatu yana iya neman difloma ta shekara biyu a fannin injiniyan lantarki a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli da ke Zariya ko ta Kaduna, ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki, sannan ya dawo babbar difloma. Akwai kuma digiri a Jami'ar Ahmadu Bello.

Ban da takardun makaranta, Hukumar NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015, ita ce ke ba masu aikin haɗa lantarki takardar izini, tana kuma duba ingancin kayan aiki da mitoci. Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta ci gaba da ba ta wannan iko. Ya kamata duk mai ba da kwangilar wayarin ginin gwamnati ya nemi ganin wannan takarda.

Ƙa'idojin Kiyaye Haɗari

Kafin ɗalibi ya riƙe filaya, ana so ya haddace waɗannan ƙa'idoji:

1. A kashe wuta daga babban makunni kafin fara aiki, a cire fis a riƙe shi a aljihu domin kada wani ya mayar.
2. A gwada waya da testa ko da an tabbata an kashe. Ɗauke wuta da kamfani ya yi ba dalili ba ne na taɓa waya, domin ana iya dawo da ita kowane lokaci.
3. Kada a yi aiki da jiƙaƙƙen hannu, ko a tsaye cikin ruwa, ko ba takalmi.
4. Kada a maye gurbin fis da ƙusa ko waya mai kauri.
5. Hawa falwaya da taɓa taransifoma aikin ma'aikatan kamfanin rarraba wuta ne kaɗai. Layukan da ke shigowa garuruwanmu suna ɗauke da bolt 11,000 ko 33,000, kuma suna iya kama mutum tun kafin ya taɓa su.
6. Idan wuta ta kama mutum, kada a riƙe shi da hannu. A kashe makunni, ko a ture shi da busasshen itace, sannan a kai shi asibiti ko da ya ce ya warware.
7. Kada a watsa ruwa a kan gobarar lantarki kafin a katse wutar.

Ana kuma jan kunnen matasa game da zagaye mita da jan wuta ta ɓarauniyar hanya da sayen wayoyin da aka sato daga taransifoma. Duk waɗannan laifuffuka ne da doka ta tanadar wa hukuncin tara ko ɗauri. Ƙaramin kuɗin da za a ba yaro ya yi irin wannan aiki bai kai ransa da mutuncin gidansu ba.

Nauyin da ke kan Iyaye da Hukumomi

Iyaye su binciki ubangidan da za su kai wa ɗansu. Su duba ko yana da takardar shaida, ko aikinsa yana ɗorewa, ko yana barin yara su taɓa aiki ko kuwa aike kawai yake yi da su. Yana da kyau a yi yarjejeniya a gaban mai unguwa ko wani dattijo, a faɗi tsawon lokacin koyo, da sa'o'in da ba za su ci karo da makarantar boko da ta Islamiyya ba, da abin da za a yi ranar yaye. Kada a yarda yaro ƙarami ya yi aiki a kan layi mai wuta ba tare da babba a kusa ba.

Shugabannin makarantu su sanar da ɗaliban aji uku na ƙaramar sakandare lokacin sayar da takardun shiga kwalejojin fasaha tun da wuri, domin yara da yawa a ƙauyuka sukan rasa damar ne saboda labari bai iso gare su ba. Ƙungiyar iyaye da malamai da kwamitin kula da makaranta suna iya gayyato ƙwararre daga cikin gari ya riƙa nuna aikin hannu sau ɗaya a mako, a kan allon katako da 'yan makunnai da ƙwan fitila, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Ƙananan hukumomi, ta sashen ayyuka da na ilimi da walwalar jama'a, su tanadi rajistar masu aikin lantarki na kowace gunduma tare da takardunsu. Idan za a kafa fitilun titi ko burtsatse mai aiki da sola, a sanya sharaɗi a cikin kwangila cewa sai an horar da matasan garin yadda za su kula da kayan. Rashin yin haka ne ya sa ake ganin fitilu da famfuna a tsaye ba sa aiki, alhali sau da yawa abin da ya lalace batir ne ko fis ko wata ƙaramar waya. Hakimai da dagatai kuma su hana gini da kasa kaya a ƙarƙashin manyan layukan wuta.

Kammalawa

Sana'ar lantarki tana buƙatar hannu da lissafi da amana a lokaci guda. Mai gida ba ya ganin wayar da aka binne masa a bango, ya dogara ne ga gaskiyar wanda ya yi aikin, kuma rayuwar iyalinsa tana rataye da wannan gaskiya. Domin haka horo na ƙwarai tun daga sakandare shi ne matakin farko. Masu neman ƙarin bayani game da lokacin jarrabawa da sharuɗɗan shiga suna iya tuntuɓar shugaban makarantar sakandare mafi kusa da su, ko ofishin Sakataren Ilimi a Hunkuyi, Makarfi ko Ikara, ko kuma Ma'aikatar Ilimi ta Jiha da ke Kaduna.